Hutun Yaro Ba Asara Ba Ne: Martani Ga Mai Kiran A Cike Dogon Hutu Da Lesin

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa malamin makaranta ya yi a kan dogon hutu, inda ya gargaɗi iyayen yara na Unguwa Uku da Gyadi-Gyadi da Tarauni da kada su bar 'ya'yansu a gida. A ganinsa, daga ranar da aka rufe makarantu ya kamata a miƙa kowane yaro lesin, tun daga ɗan rabin aji har ɗan aji shida, har zuwa ranar komawa. Hujjojinsa huɗu ne. Yaro yana manta karatu idan ya daɗe bai riƙe fensir ba. Kano tana baya a ilimi, don haka ba mu da lokacin wasa. Yawancin iyaye mata ba su yi boko mai zurfi ba, babu abin da za su koya wa yaro. Sannan layi ya lalace, gara yaro yana cikin aji da a ce yana gantali a waje. Kai yara ƙauye wajen kakanni kuwa, ya lissafa shi cikin ɓarnar lokaci da kuɗin mota.

Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan kishi. Duk wanda ya taɓa miƙa wa ɗan aji biyar takarda ya ce ya karanta, yaron ya tsaya yana rarraba ido, ya san abin da ke ci maka rai. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. A nan gida ma, gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Ciwon akwai shi, babu mai musu. Maganin da ka rubuta ne nake ja da shi, musamman a kan ƙanana, 'yan shekara uku zuwa bakwai ko takwas. Waɗannan yara zaman benci bai yi musu kaɗan ba. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne babban da zai zauna da su, ya yi musu magana, ya saurare su, ya amsa tambayarsu. A hutu ne kaɗai ake samun wannan a wadace, kai kuma shi kake neman a karɓe.

Mu fara da ranar yaron da kake ganin yana da lokacin banza. Ka tsaya a bakin titin Zariya, tsakanin Gyadi-Gyadi da tashar Unguwa Uku, da misalin ƙarfe bakwai na safe a lokacin karatu. Za ka ga adaidaita sahu maƙare da yara, jakunkuna rataye a baya, 'yar shekara huɗu a tsakiya ta jingina kai a kafaɗar yayarta tana ƙarasa barcin da aka katse mata, kwanon abincinta a kan cinya. Za ta dawo bayan azahar, ta ci abinci a gurguje, a sauya mata hijabi ta wuce Islamiyya sai dab da magariba. Da dare ga jingar boko, ga haddar da za ta bayar gobe. Asabar da Lahadi kuma tahfiz tun da sassafe. A ina uwarta ta samu sararin hira da ita, in ban da “tashi”, “yi sauri”, “ina takalminki”? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana guda, da motsa jiki na aƙalla awa uku a yini. A zangon karatu yaranmu da yawa ba sa samun ko ɗaya yadda ya kamata. Idan hutun ma ya koma zango na huɗu, yaushe za su samu?

Batun mantuwa gaskiya ne, kuma masana sun bincike shi. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa a Amurka sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan dogon hutun can, suka gano cewa ɗalibi yakan koma baya da kimanin karatun wata guda, kuma lissafi ne ya fi zubewa. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata mai kafa hujja da wannan ya gaya wa jama'a. Na farko, hutunsu ya kusa wata uku, namu kuwa bai cika wuce mako shida ko bakwai ba. Na biyu, a ɓangaren karatu ba duka yaran ne suka koma baya ba. 'Ya'yan masu hali sun riƙe nasu, har da ɗan ƙari, 'ya'yan marasa ƙarfi ne suka yi asara, alhali dukkansu makarantunsu a rufe suke. Masu binciken sun danganta bambancin da abin da yaro ke samu a gida na littafi da damar karatu. Ashe binciken da ya fi ƙarfafa tsoronka, gida yake cewa a gyara.

Sannan mu tambayi kanmu tsakani da Allah, me ake yi a lesin ɗin? Ɗaki ɗaya, malami ɗaya da ya riga ya gaji, allo cike da Turanci, yara suna kwafa suna maimaitawa da ƙarfi. Hanyar da aka bi zango uku yaro bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ita za a sake bi mako shida, a karɓi kuɗi na daban. Ban ce duk masu lesin haka suke ba. Na kuma san malaman makarantun kuɗi da yawa albashinsu ba ya kai su ko'ina, wasu ma ba a biyansu a watan hutu, da lesin suke cefane. Wannan haƙƙi ne a wuyan masu makarantu, su ya kamata su sauke shi. Bai dace a ɗora wa ɗan shekara huɗu ba.

A nan jihar an gwada wata hanya dabam. A 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, bisa tsarin da ƙungiyar Pratham ta ƙirƙiro a Indiya. Ana gwada kowane yaro a ga inda ya tsaya: bai san baƙaƙe ba ne, ko ya san baƙaƙe bai iya kalma ba, ko ya iya kalma jimla ce ke kayar da shi. Sai a raba su rukuni-rukuni gwargwadon matakinsu, a koya musu karatu da Hausa, a haɗa da wasanni da tsinkayen ƙirga, na ɗan lokaci a rana. Kuma 'yan aji huɗu zuwa shida aka yi wa shirin. Idan irin wannan kake nufi ga ɗan shekara goma da har yanzu bai iya karatu ba, awa ɗaya ko biyu da safe, to bakinmu ɗaya. Amma a kwashi unguwa gaba ɗaya, har da masu tsotsar yatsa, a zuba a aji daga safe zuwa azahar, wannan wani abu ne daban.

Maganar da ta fi yi mini nauyi a rubutunka ita ce ta iyaye mata. Malam, uwar da ka ce ba ta da abin koyarwa ita ce ta koya wa yaron harshe sukutum kafin ya taɓa ganin allonka. A tsakanin 1986 da 1987 an ɗauki yara 129 a unguwannin talakawa na Kingston a ƙasar Jamaika, 'yan wata 9 zuwa 24, waɗanda ƙarancin abinci ya tauye musu girma. Wasu daga cikinsu aka riƙa tura wa iyayensu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako, awa guda, har shekara biyu. Aikinta shi ne ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta faɗa masa sunan abubuwa, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka sake bibiyar yaran. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Science a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wannan suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin ɗari. Matan nan talakawa ne, ba masu digiri ba. An ba su ƙwarin gwiwa ne aka nuna musu hanya, suka yi sauran.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da malamai mata da ake kira jaji, suka riƙa kai ilimi ga mata har cikin garuruwa da ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru, domin ta san inda tarbiyyar al'umma ke farawa. A zamaninmu ma, matan Kano ne suka riƙe kasuwar littattafan Hausa tun daga shekarun 1980, suna saye, suna haya, suna rubutawa, irin su Balaraba Ramat Yakubu. Matar da ke iya cinye littafi mai kashi uku cikin kwana biyu, ta yaya za a ce ba ta iya karanta wa ɗanta shafi biyu kafin ya yi barci?

Ka leƙa tsakar gida da hantsi a lokacin hutu. Uwa za ta ɗora sanwa, ta ce wa ɗanta mai shekara biyar ya auno mata gwangwani uku na shinkafa. Ya zuba ɗaya, ya zuba biyu, ya tsaya. Ta ce saura nawa? Ya duba yatsunsa ya ce ɗaya. Ta miƙa masa faranti ya tsince wake, masu ƙwari gefe guda, masu kyau gefe guda. Ya tambaye ta me ya sa wake ke nutsewa a ruwa amma ƙaiƙayi yana tasowa. Ta ce ya ɗauki kowanne a tafin hannunsa ya ji wanne ya fi nauyi. An jima ta aike shi shagon layi da naira ɗari biyar, ta ce ya lissafa canjinsa kafin ya baro wurin. Cikin awa guda yaron nan ya yi ƙirga, ya yi ragi, ya rarrabe abubuwa, ya yi tambaya an amsa masa shi kaɗai. A ajin da ke da yara sittin, sau nawa malami zai iya tsayawa a kan tambayar yaro ɗaya?

Wasan da ka kira shashanci ma yana da aikinsa. Yarinyar da ke carafke tana ƙirga duwatsu ɗaiɗai, bibbiyu, uku-uku, idonta da hannunta suna koyon aiki tare, kuma hannun nan ne zai riƙe fensir gobe. Langa tana ƙarfafa ƙafa, tana koya wa yaro bin doka da haƙurin faɗuwa. Dara tana koyar da hangen gaba. Yaron da ya zauna ya ƙera motar kara ko ta gwangwani ya auna, ya yanka, ya gwada, ta lalace ya sake. Kacici-kacici da karin magana suna wasa ƙwaƙwalwa. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kuwa, a nan ne yaro ke fara sanin labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, yana hasashen abin da zai biyo baya, yana tara kalmomi. Wannan shi ne tushen fahimtar karatu, wanda rahoton Bankin Duniya ke cewa yaranmu sun rasa. Malamanmu sun san haka tuntuni. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930 domin 'yan makaranta, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Kuɗin lesin ɗin yaro ɗaya zai sayi littattafan Hausa da duk yaran gida za su amfana da su shekara da shekaru.

Na san za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma mai tanƙwarawa ya san idan ya matsa fiye da ƙima, tsagewa yake yi. Yaron da aka gundure shi da aji tun yana shekara uku, kafin ya kai goma ya tsani ganin littafi. A ƙasar Finlan, wadda ake yawan buga misali da makarantunta, sai yaro ya shekara bakwai yake shiga aji ɗaya. Addininmu ma shekara bakwai ya sanya a fara umartar yaro da salla. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki jikarsa Umama yana cikin salla, ya kuma tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa. Makarantun allo da suka yaye mahaddata tun kaka da kakanni suna da hutunsu na Alhamis da Juma'a, ba su taɓa ganin hakan ya rage wa karatu albarka ba.

Sai batun ƙauye. Dogon hutunmu da damina yake zuwa, lokacin da gero ya fitar da kai, gyaɗa da wake suka rufe ƙasa. Yaron da aka haifa a Unguwa Uku, gidan haya mai ɗaki biyu, zai iya kai shekara goma yana cin tuwo kullum bai taɓa ganin dawa a tsaye ba. Ka sa shi a mota a tashar Unguwa Uku ku kama hanyar Zariya, ka ba shi gefen taga. Zai ga tulin lemo da ayaba a 'Yan Lemo ta Na'ibawa, ya tambayi daga ina ake kawo su. Zai ga ruwa a ƙarƙashin gadar Tamburawa. Zai ga gonakin shinkafa na Kura da Kadawa, ka gaya masa ko da rani ba sa bushewa saboda ruwan madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako. Ka sa shi ya karanta allunan sunayen garuruwa har Kwanar Dangora. Idan ya isa, kakarsa za ta zaunar da shi ta gaya masa waye baffansa, wace ce gwaggonsa, daga ina kakan kakansa ya taso. Zai koyi durƙusawa ya gaida manya, ya koyi cin abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma tsofaffin nan ba za su jira sai yaro ya gama jami'a ba. A tafi da gidan sauro, domin damina lokacin zazzaɓi ce, amma a je.

Gaskiya ne tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin magidanta da yawa. Wanda bai samu halin tafiya ba, Kano kanta ta ishe shi. Daga Gyadi-Gyadi zuwa Gidan Zoo tafiya ce 'yar kaɗan. Kasuwar 'Yan Awaki tana nan cikin Unguwa Uku, yaro ya ga bambancin tunkiya da akuya, ya ji yadda ake ciniki. Ga Gidan Makama da kayan tarihinsa, ga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, unguwar da aka buɗe makarantar boko a 1909, ga marinar Ƙofar Mata, ga Dutsen Dala inda za a nuna wa yaro birnin gaba ɗaya. Fita ɗaya a mako ta isa. Idan an dawo a ce ya ba wa ƙannensa labarin abin da ya gani, ko ya zana shi, wanda ya fara rubutu kuma ya rubuta layi uku da Hausa.

Tsoronka na layi ban raina shi ba. Daba da shaye-shaye da ƙwacen waya sun addabi unguwannin Kano, kowa ya sani. Amma waɗannan sun fi barazana ga matasa. Ɗan shekara biyar kwata da titi ne haɗarinsa, sai kuma wani da ba ka ambata ba, wato wayar da ake miƙa masa don ya yi shiru. Ƙa'idojin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa guda a gaban waya ko talabijin a yini, wanda bai kai haka ba kuma gara a nisanta shi. Idan zaman gida yana nufin yaro ya wuni yana kallon katun uwa tana can tana nata kallon, to wannan ba shi nake karewa ba. Haka kuma akwai matan da ke fita aiki, ma'aikatan jinya a Asibitin Malam Aminu Kano, malamai, 'yan kasuwar Tarauni, waɗanda ba su da mai riƙe musu yara. Su dole su nemi wurin ajiya, babu laifi a kansu. Sai dai a kira wurin da sunansa, a kuma tsara shi a kan haka: wasa, labari, zane, barcin rana, da ɗan karatu kaɗan.

A nan ne nake ganin alƙalaminka ya tsallake waɗanda ya kamata ya taɓa, wato mu iyaye maza. Da yawanmu mukan fita bayan asuba mu dawo yara sun yi barci, ko mu dawo da wuri mu zarce majalisa ko teburin mai shayi sai dare ya raba. Biyan kuɗin lesin ya fi mana sauƙi a kan zama da yaro, shi ya sa kiranka zai yi mana daɗin ji. Uban da zai ware rabin awa bayan isha ya zauna a tabarma, ya ɗora ƙaramin a cinya, ya sa babban ya karanta shafi ɗaya, ya saurari haddar 'yarsa, ya ba su labarin yadda Unguwa Uku take lokacin yana yaro, ya ba su abin da babu makarantar da ke sayar da shi. Direba ne shi a tasha ko ɗan kasuwa a Kantin Kwari, rabin awa ba ta fi ƙarfinsa ba.

Ƙaramar hukumar Tarauni, wadda hedikwatarta ke nan Unguwa Uku, tana da mutane sama da 220,000 tun a ƙidayar 2006, yau kuwa Allah kaɗai ya san adadin yaran da ke cikinta. Da ni da kai, Malam, ga abin da ya kamata mu haɗa baki mu nema. A buɗe aji ɗaya a kowace makarantar firamare ta gwamnati a lokacin hutu, a shimfiɗa tabarmi, a zuba littattafan labarai na Hausa, yaro ya zo ya karanta ko ya ara ya kai gida. A bar filayen makarantu a buɗe da yamma ƙarƙashin kulawar masu unguwanni da dattawa, yara su samu inda za su yi gudu ba a kan titi ba. Ɗaliban Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke zaune a unguwannin nan su taimaka wa manyan yaran da karatu ya gagara, kowa a matakinsa. Limamai su tunatar da iyaye maza haƙƙin zama da iyali kafin a shiga hutu. Ku kuma malamai, ranar ba da sakamako, maimakon takardar kuɗin lesin, ku ba kowace uwa shawara uku ko huɗu na abin da za ta yi da ɗanta a gida, ku gaya mata a fili cewa za ta iya. Idan ka ɗauki alƙalami a kan wannan, ni ne farkon wanda zai mara maka baya. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su zama masu amfani.